FITA SHAƘATAWA DA IYALI: MARTANI GA MASU ZAMA TEBURIN GIYA A ANDALUS DA MASU ZAGIN FITA DA MATA



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya shimfiɗa ƙasa Ya hore mana tafiya a cikinta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan uwa masu karatu, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a yau wata muhawara ce da ta ɓarke a majalisarmu a nan Tambuwal bayan sallar la'asar. Wani ɗan garinmu, ma'aikaci ne a Abuja, ya ɗauki matarsa sun tafi ƙasar Sifaniya hutun kwana huɗu, ya riƙa turo hotuna ta WhatsApp. Ga su a gaban fadar Alhamra, ga su a bakin wata tsohuwar gada a Ƙurɗuba, sai kuma ga su zaune a wani shago gaban ƙananan faranti, bayansu kwalabe jere, sama da kansu cinyoyin nama rataye. Ya rubuta a ƙasa cewa sun zaga shagunan “tapas” guda biyar a dare ɗaya. Nan take majalisa ta rabu biyu. Samari suka ce ai wannan shi ne wayewa, Allah Ya kai damo ga harawa. Wani dattijo kuwa ya ce, “Malam, ni ba ruwana da abin da suka ci. Namijin da zai ɗauki matarsa ya tafi yawo da ita ba aikin Hajji ba, ba asibiti ba, ai ya zama mijin-ta-ce.” Mutane da yawa suka gyaɗa kai. Ni dai na tashi raina a ɓace da ɓangarorin biyu, kuma ina so in faɗa wa kowannensu gaskiyarsa ba tare da ɓoye-ɓoye ba.

Menene tapas?

Bari mu fara da sanin abin da ake magana a kai, domin malamanmu sun koya mana cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an san shi. Tapas ɗan abinci ne kaɗan da ake kawowa a ƙaramin faranti a mashaya, don mai sha ya riƙa tsakura yana kurɓa. Asalin kalmar a harshensu na nufin murfi. Al'adar ita ce mutum ya shiga wannan mashaya ya sha kofi ɗaya ya ci faranti ɗaya, ya fita ya shiga ta gaba, haka har dare ya raba. A birnin Garnaɗa ma an san su da bayar da farantin kyauta ga wanda ya sayi abin sha. Wato abincin yana biye ne, abin sha shi ne a gaba.

A cikin waɗannan faranti akwai abin da asalinsa halal ne, kamar zaitun, da wainar ƙwai da dankali, da soyayyen kifi. Amma sarkin teburin shi ne naman alade: cinyar da aka shafe da gishiri aka shanya ta watanni, ita ce wadda aka gani rataye a hoton, ana yanka ta siriri-siriri kamar yadda mai kilishi yake fere nama. Sifaniya ita ce ƙasar da ta fi kowace ƙasa a Tarayyar Turai kiwon alade. Kitsensa da gutsattsarinsa suna shiga cikin miya da wake da soye-soye, giya kuma tana shiga cikin romo, ta yadda baƙon da bai iya harshen ba zai iya cin haram alhali yana tsammanin ganye ya ci.

Na san abin da za a ce mini: “Ai lemo ya sha, kifi ya ci.” Na yarda, kuma ba na munana masa zato. To amma Imam Tirmizi da Imam Ahmad sun ruwaito hadisin da Annabi (SAW) ya hana mai imani da Allah da ranar Lahira zama a teburin da ake zagayawa da giya a kansa. Hanin bai tsaya ga sha ba, ya haɗa da zaman. Da a ce larura ce, matafiyi ya rasa wurin cin abinci sai wanda ake sayar da giya a gefe, ya zauna nesa ya ci ya tashi, da wannan mas'ala ce da malamai suka yi sauƙi a cikinta gwargwadon buƙata. Wanda kuwa ya yanki tikiti, ya biya kuɗin biza Yuro 90 shi da matarsa kowane, ya sanya zagayen mashaya cikin jerin abubuwan da zai yi, ya kuma ɗauki hoto ya watsa yana alfahari, wace larura ce ta kai shi? Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Kuma wanda ya ga hoton a Kebbe ko Dogon Daji bai ga abin da ke cikin kofin ba, kwalaben da ke bayansa ya gani.

Ƙasar da ya taka bai san ta ba

Abin da ya fi ƙona mini rai ba shi ne farantin ba, jahilcin wurin ne. Wannan ƙasa ita ce Andalus. Musulmi sun shige ta a shekarar 711 ƙarƙashin Ɗariƙu bin Ziyad, mulkinsu bai ƙare a cikinta ba sai a 1492 lokacin da Garnaɗa ta faɗi, kusan shekara 800 ke nan. Birnin Madrid da samarinmu suke kwana a gidan kallon ƙwallo saboda shi, wani sarkin Ƙurɗuba mai suna Muhammadu na ɗaya ne ya kafa ganuwarsa a ƙarni na 9. Masallacin Ƙurɗuba da Abdurrahman Addakhil ya fara ginawa wajen shekarar 785 an mayar da shi coci bayan faɗuwar birnin a 1236, kuma har yau ba a barin Musulmi ya yi salla a cikinsa. Hasumiyar babban masallacin Ishbiliya, wadda aka kammala a 1198, ƙararrawa ce ake kaɗawa a samanta.

Kada wani ya ce wannan tarihin wasu ne can nesa. Duba zauren malaminka a nan Tambuwal ko Sanyinna ko Kuci ka ga littattafan da ke cikin gafaka. Muwaɗɗa ta Imam Malik da muke karantawa ruwayar Yahaya bin Yahaya Allaisi ce, malamin Ƙurɗuba da ya rasu a shekara ta 234 bayan Hijira. Ishiriniyar da iyayenmu suke rerawa ta Alfazazi ce, mutumin Andalus, ya rasu a 1230. Alfiyyar da ake koyon nahawu da ita ta Ibn Malik ce, haifaffen garin Jayyan. Tuhfatul Hukkam da alƙalanmu suka daɗe suna yanke hukunci da ita, Ibn Asim alƙalin Garnaɗa ne ya tsara ta. Tafsirin Ƙurɗubi, da Bidayatul Mujtahid ta Ibn Rushd, da Shaɗibiyyar da gardawa masu neman ƙira'a suke haddacewa, duk masu su 'ya'yan ƙasar nan ne. Har maginin da ake danganta wa masallacin Jingarai Ber na Tumbutu, Abu Ishaƙ Assahili, wanda ya biyo Mansa Musa daga aikin Hajjinsa na 1324, ɗan Garnaɗa ne. Mu almajiran Andalus ne ko mun sani ko ba mu sani ba.

To ku ji abin da aka yi wa 'yan uwan waɗannan malamai bayan 1492. An yi musu alƙawarin barin su da addininsu, ba a cika shekara 10 ba aka warware alƙawarin. A 1502 aka ba Musulmin daular Kastila zaɓi tsakanin shiga Kiristanci da barin ƙasa. Waɗanda suka zauna sai kotunan binciken aƙida suka sa musu ido, kuma cikin alamomin da ake kama mutum da su akwai ƙin cin naman alade da ƙin shan giya. Maƙwabci yakan kai ƙarar maƙwabcinsa don ya ga yana girki da man zaitun ya bar kitsen alade, ko ya ga ya yi wanka ya sauya tufafi ranar Juma'a. Tsanani ya kai har a 1504 wani malami, Ahmad bin Abi Jumu'a, ya aika musu da fatawa cewa in an tilasta musu su ci su sha, su yi, matuƙar zukatansu suna ƙi. A 1567 aka haramta musu harshen Larabci da tufafinsu da gidajen wankansu. Daga 1609 zuwa 1614 aka kore su gaba ɗaya, mutum wajen dubu 300.

Ya ɗan uwa, ka tsaya ka yi tunani. Teburin da aka ɗaure mutane, aka ƙwace dukiyarsu, aka ƙona wasunsu saboda sun ƙi zama a kansa, shi ne ɗan Tambuwal ya biya kuɗin jirgi ya je ya zauna yana murmushi. Ba ina cewa mai shagon yau shi ne ya yi wancan zalunci ba, ba a ɗora wa jika laifin kaka, kuma mutanen Sifaniya na yau suna cin abincinsu ne bisa al'adarsu. Maganata da namu ne. Lokacin da Annabi (SAW) ya biyo ta kufan Samudawa a hanyar Tabuka, Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa ya hana sahabbansa shiga sai suna masu kuka, ya rufe kansa ya gaggauta tafiya. Andalus ba gidan waɗanda aka yi wa azaba irin ta Samudawa ba ce, amma darasin ɗaya ne: kufai wurin wa'azi ne. Musulmin Andalus sun rarrabu zuwa ƙananan masarautu bayan rushewar halifancin Ƙurɗuba a 1031, kowane sarki yana neman taimakon abokin gaba a kan ɗan uwansa, aka bi su ɗaya bayan ɗaya aka cinye. Wanda ya zo daga ƙasar da ake sace mutane a gona, shugabanni suna rigimar kujera, ai shi ya fi kowa cancantar ya tsaya a Alhamra ya shafa wa gemunsa ruwa.

Ban ce zuwa Sifaniya haramun ne ba. Mai hali ya je, ya ga abin da ya karanta, gani ya kori ji. A unguwar Albaizin ta Garnaɗa an buɗe masallaci a 2003, yana fuskantar fadar Alhamra, kuma a gangaren unguwar akwai shagunan abinci na Musulmi 'yan Maroko. Wanda ya nemi halal zai samu. Wanda ya ce bai samu ba, bai nema ba ne.

Sai ku, mutanen majalisa

Yanzu bari in juyo kan dattijon nan da masu gyaɗa masa kai, kuma ina roƙon Baba ya yi mini afuwa, gaskiya ba ta tsoron furfura. Kun ce fita da mata yawo baƙon abu ne, koyi ne da Nasara. Daga ina kuka samo wannan?

Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa idan Annabi (SAW) zai yi tafiya yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa, wadda ta faɗo wa ya tafi da ita. Abu Dawud da Ahmad sun ruwaito cewa a wata tafiya ya ce wa sahabbai su yi gaba, ya tsaya ya yi tseren gudu da Nana A'isha (RA), ta tsere masa. Bayan shekaru, da jikinta ya yi nauyi, suka sake a wata tafiyar, ya tsere mata, yana dariya yana nuna mata cewa ya rama. A hanyar dawowa daga Khaibara ya durƙusa ya kafa gwiwarsa Nana Safiyya (RA) ta taka ta hau raƙumi, a gaban runduna. A Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan Hijira, shawarar Ummu Salama (RA) ce ta warware tsaikon da aka shiga, kuma ba ta ba da ita ba sai don tana cikin tafiyar. Wanene a cikinmu zai buɗe baki ya kira wannan da sunan da aka kira ɗan garinmu?

Allah Ya umurci maza a Suratun Nisa'i da su zauna da matansu da kyautatawa, Ya kuma bayyana a Suratur Rum cewa natsuwa da soyayya da jin ƙai tsakanin ma'aurata suna cikin ayoyinSa. A ayoyi da dama kuma Ya yi umurni da tafiya a bayan ƙasa don ganin yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance. Ban san malamin tafsiri da ya ce wannan umurni na maza ne su kaɗai ba.

Laifi tudu ne. Mutumin da yake zagin mai fita da matarsa, shi ne yake barin gida tun bayan sallar asuba, ya ci tsire shi kaɗai a bakin tasha, ya zauna teburin mai shayi har ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ya shigo tana barci. Ranar Litinin yana kasuwa, ranar Asabar yana ɗaurin aure a Jega, ita kuwa bango huɗu. Sa'annan a zo ana tambaya me ya sa aure ba ya ƙarko, me ya sa mata suka duƙufa a kan waya da finafinai. Wanda aka rufe wa ƙofa ai ta taga zai leƙa.

Ba zan cire kaina ba. Daren da aka yi muhawarar na ba uwargidana labari ina ta kumfar baki, sai ta bari na gama ta ce, “Malam, ka yi gaskiya. To amma shekara tara ke nan da aurenmu, in ban da asibiti da gaisuwar mutuwa, ina ka taɓa kai ni?” Wallahi na rasa amsa. Ni da nake karantar da 'yan mata tarihin Nana Asma'u a Islamiyya, matata ba ta taɓa ganin inda aka binne ta ba.

Akwai uzurori uku da nake ji. Na farko kunya. Kunya alheri ce, amma kunyar da ta hana ka abin da Annabi (SAW) ya yi a gaban sahabbansa, ka binciki kanka ko tsoron bakin majalisa ne ka sa masa sunan kunya. Na biyu tsari. To mace cikin hijabinta, tare da mijinta, ina tsarin ya karye? 'Yan taru na Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, mata ne da suke tasowa daga ƙauyuka ƙarƙashin jagorancin jaji su je wurinta ɗaukar karatu, a zamanin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake raye, kuma ba mu fi su kishin addini ba. Na uku rashin tsaro, kuma wannan uzuri ne na gaskiya. Ƙauyuka da dama a ƙasar Kebbe sun ɗanɗana azabar 'yan bindiga, ba zan ce wa kowa ya jefa iyalinsa cikin halaka ba. A bi babbar hanya, a yi tafiyar rana, a tambayi direbobi labarin hanya kafin a tashi, in ba lafiya a haƙura.

Andalus ɗinmu tana bakin ƙofa

Batun kuɗi kuwa, ba sai an yi biza ba. Garin nan namu ribaɗi ne, Muhammadu Buhari ɗan Shehu ne ya zauna shi. Gwandu tana nan kusa da mu, can ne kabarin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, mai tafsirin Liya'ut Ta'awili, wanda ya rasu a 1829. Mutum zai iya tafiya da iyalinsa da hantsi ya dawo kafin magariba. Mai son kwana biyu ya kama hanyar Sakkwato, tafiyar kusan kilomita 100. Ya ratse Sifawa kusa da Boɗinga, inda Shehu Usmanu ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815. Ya isa Hubbare, inda aka binne Shehu bayan rasuwarsa a 1817, kuma a nan ne makwancin Nana Asma'u. Ya shiga gidan tarihi na Waziri Junaidu ya nuna wa matarsa rubuce-rubucen hannu da kayan yaƙi na magabata. Ya ba ta labarin Giginya, inda aka gwabza da sojojin Turawa ranar 15 ga Maris, 1903, domin mu ma muna da tamu faɗuwar Garnaɗa. In da sauran guzuri, washegari a je Wurno inda Sarkin Musulmi Bello ya rasu a 1837. Mai son ruwa da kifi kuwa ga Argungu da gidan tarihinta na Kanta.

A ziyarci kaburbura bisa ladabin da sunna ta koyar, a yi wa mamata sallama da addu'a, a tuna mutuwa, a roƙi Allah Shi kaɗai. Malamai sun yi saɓani game da ziyarar mata ga kaburbura, wanda ya riƙi hani sai ya tsaya ga gidajen tarihi da masallatai, ba a tilasta masa ba.

Ƙananan faranti ma muna da su, ba mu rasa komai ba. Ka saya mata masa mai zafi da safe, balangu da rana, fura da nono da la'asar, ka riƙo kilishi tsaraba ga yara. Ku zauna ku ci tare a akushi ɗaya, ka sa mata loma a baki, domin ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa ko wannan lomar ana ba miji lada a kanta. Mai mata biyu ko fiye ya yi adalci, ko dai ƙuri'a kamar yadda Annabi (SAW) ya yi, ko kuma kowace da tata ranar. Kada a ci bashi don a burge mutane, kada kuma a mayar da fuskar iyali abin talla a intanet. Tafiyar taku ce ku biyu, ba ta 'yan kallo ba.

Ni dai na cika alƙawari. Ranar Alhamis ɗin da ta wuce, da yake ba karatu a Islamiyya, na kai uwargida Gwandu. Ta yi mini tambayoyi a kan Malam Abdullahi da ban iya amsa wasu ba, sai da na dawo na buɗe littafi. A hanyar dawowa muka wuce ta gaban majalisa tana bayan babur, na yi musu sallama da ƙarfi, wasu suka amsa wasu suka kau da kai. Ɗan garinmu na Abuja kuwa na rubuta masa nasiha tsakanina da shi tun kafin in rubuta wannan, na ce ya kyauta da ya fita da iyalinsa, ya kuskure wajen zaɓen teburi, in Allah Ya sake kai shi ya nemi masallacin Albaizin ya yi raka'a biyu ya yi wa malamanmu addu'a.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki nawa ne, kuma ƙofar gyara a buɗe take ga duk wanda yake da hujja. Allah Ya jiƙan Musulmin Andalus, Ya jiƙan Shehu da jama'arsa, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya sanya albarka a gidajenmu. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.